Ƙaramin Kan Jirgin Ƙasa, Babbar Gardama

Yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba tattaunawa, in kawo maganar wani abin sha'awa da na san da yawa daga cikinmu za su ji su ce ai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai dattawa masu furfura, wasu har da jikoki, waɗanda ke kashe kuɗinsu da lokacinsu wajen tara ƙananan jiragen ƙasa: kan jirgi da taragai da layin dogo da tasha da gada, duk a kan tebur ko a cikin ɗaki guda, kuma da lantarki suke tafiya. Kada mai karatu ya kawo motar kara ko ta langa-langa da muka yi muna yara, wadda in dai tana da ƙafa huɗu tana gungurawa to ta yi. Su waɗannan ƙa'idarsu ita ce kowane sashe na ƙaramin ya zama daidai da na babban, an rage shi da ma'auni ɗaya, tun daga tsawon jiki har zuwa marfin tankin mai.

Ma'aunin da ya fi yawa a Ingila sunansa OO. A nan kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske tana komawa milimita 4, wato an rage abu kusan sau 76. A Amurka da sauran ƙasashen Turai kuwa HO suka fi yi, shi ragin sau 87 ne. Akwai wanda ya fi waɗannan ƙanƙanta da ake kira N, akwai kuma manya. Duk wanda ya shiga harkar sai ya zaɓi ɗaya ya zauna a kai, domin in ka haɗa kan jirgin wannan ma'auni da taragon wancan, ko yaro ya kalla zai ga kamar an ɗaura wa jaki sirdin doki.

Ni dai ta hanyar gwanjo abin ya zo mini. Duk wanda ke zaune a Ikko ya san irin tarkacen da ake zazzagewa daga kwantena, tsofaffin rediyo da tukwane da kayan wasan yara, an zuba su a buhu ana sayarwa yadda aka ga dama. A cikin irin wannan tarin na tsinci wani kan jirgi, tsawonsa bai kai ƙafa ɗaya ba, amma da nauyi a hannu. Kore ne mai duhu daga sama, da ratsin kore mai haske daga ƙasa, gaba da baya an shafa masa rawaya, ga lamba 55002 a jikinsa, ga kuma wani dogon suna a ɗan allo wanda sai da na sa tabarau na iya karantawa. Mai kayan ya ɗauka motar yara ce da ta lalace, tunda ya nemi wurin sa batir bai gani ba. Na biya na kawo gida, kuma lambar nan ita ta ja ni cikin bincike har yau ban fita ba.

Ashe kwaikwayon wani shahararren kan jirgi ne na Ingila da ake kira Deltic. Kamfanin English Electric ya ƙera guda 22 a masana'antarsa ta Vulcan Foundry tsakanin 1961 da 1962, don su riƙa jan jiragen fasinja masu sauri daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Edinburgh a Sikotland. Su 22 ɗin nan suka maye gurbin kawunan jirgi masu kwal guda 55. Kowanne tsawonsa ƙafa 69 da rabi, nauyinsa wajen tan 99, yana da ƙarfin doki 3,300, yana kuma gudun mil 100 a awa. Da man gas yake aiki, amma ba injin ne ke juya ƙafafun kai tsaye ba, janareta yake juyawa, wutar da ta fito ita ke tuƙa ƙafafun. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne injinan nan biyu na kamfanin Napier, waɗanda asali don ƙananan jiragen ruwan yaƙi aka yi su. Kowane inji yana da silinda 18 da fistin 36, an jera su a siffar kusurwa uku, fistin biyu-biyu suna fuskantar juna a cikin silinda ɗaya. Daga wannan siffa aka samo sunan, domin harafin Girka mai kusurwa uku sunansa delta. Duk makanikin da na kwatanta wa wannan tsari sai ya riƙe baki ya ce a sake faɗa masa.

An raɗa musu sunaye. Takwas da ke zaune a garejin Finsbury Park na Landan sun ci sunayen dawakin sukuwa da suka yi fice, irin su Alycidon da Tulyar da Pinza, sauran 14 kuma sunayen rundunonin soja. Nawa shi ne King's Own Yorkshire Light Infantry. Sun yi shekara ashirin suna aiki, har sababbin jiragen InterCity 125 suka fara karɓe musu hanya daga 1978, aka yi musu tafiyar bankwana ranar 2 ga Janairu 1982. An yanka 16 a Doncaster aka sayar da ƙarfen. Shida suka tsira.

To a nan gardamar take farawa. Idan mutum ya ce zai yi ƙaramin Deltic daidai da na gaske, tambayar farko da masana harkar za su jefa masa ita ce: wanne daga cikin 22, kuma a wace shekara? Domin kan jirgin da ya fito daga masana'anta a 1961 ba shi ne wanda aka sallama a ƙarshen 1981 ba, ko da yake ƙarfen ɗaya ne. Da farko kore suke, babu rawaya a gaba ko kaɗan. Daga baya aka shafa musu ɗan murabba'in rawaya don ma'aikatan da ke kan layi su hango su da wuri, tunda ba su da hayaƙi da huci irin na mai kwal da ke sanar da zuwansa. Sannan aka mayar da gaban duka rawaya. A ƙarshen shekarun 1960 aka sauya musu fenti zuwa shuɗi. Yawancinsu ma ba da suna suka fito ba, wani sai da ya yi shekaru yana aiki kafin a manna masa allo, na ƙarshe sai a 1965. Saboda haka in ka ga ƙaramin Deltic kore, babu rawaya, amma ga allon sunan da ba a manna ba sai bayan shekara uku, to an haɗa abin da bai taɓa haɗuwa a duniya ba.

Lamba ma haka. Da D9000 zuwa D9021 suke. Da aka daina aiki da masu kwal a 1968 sai harafin D ya zama ba shi da amfani, aka fara gogewa. Tsakanin 1973 da 1974 kuma aka shigo da tsarin kwamfuta na lura da jirage, aka ba su sababbin lambobi masu farawa da 55. D9002 ya zama 55002, shi kuwa D9000 sai aka kai shi ƙarshen layi ya zama 55022. A goshin kowanne akwai wani akwati mai gilashi da ke nuna harufa da lambobi huɗu, don mai kula da sigina ya gane wane jirgi ne ke tafe da inda za shi. An daina amfani da wannan daga farkon 1976, sai aka mayar da shi baƙi da ɗigo biyu farare, daga ƙarshe aka rufe wurin da ƙarfe aka bar fitila biyu. Birki ma an ƙara musu sabon iri mai aiki da matsin iska a 1967 da 1968, wanda ya ƙara yawan tiyo a gaba. A 1970 da 1971 aka sa musu wayar da ke kai lantarki taragai don ɗumama fasinja lokacin sanyi, ita ma ana ganinta a gaba. Hon ya yi yawo, daga ƙasa zuwa saman hanci, wasu ma sun taɓa ɗaukarsa a kan rufi. An toshe wasu ƙananan tagogi na gefen direba. A 1979 ma'aikatan Finsbury Park suka shafa wa nasu farin fenti kewaye da tagogin gaba don a bambanta su da na sauran gareji, abin alfahari ne kawai irin na ma'aikata, amma yau in ka sa wannan farin a kan wanda bai taɓa zama a garejin ba, sai an tanka maka.

Duk wanda ya riƙe wannan lissafi zai kalli nawa ya ce akwai kuskure, domin kore na shekarun 1960 ne, lamba 55002 kuwa ta bayan 1973 ce, lokacin da duk suka zama shuɗi. Amma ba kuskure ba ne. A ƙarshen 1980, da aka san cewa gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York ne zai karɓe shi, sai aka mayar masa da koren fentinsa tun yana bakin aiki, aka bar masa sabuwar lambarsa da rawayan gabansa. Haka ya yi shekararsa ta ƙarshe. Wato ɗan abin nan da ke kan teburina gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar shekara ɗaya ce tak cikin ashirin. In na jera shi da taragan 1962, ya zama maƙaryaci ba da laifinsa ba.

Mutum zai ce, to tunda shida suna nan, me zai hana a je a auna su a huta da gardama? Ana zuwa kuwa. Kamfanonin da ke yin waɗannan ƙananan jirage sukan je da na'urar da ke ɗaukar siffar abu da haske, su auna kowane lungu. Sukan kuma naɗi ƙarar injin, su sa a cikin wani ɗan ƙwayar lantarki, ƙaramin ya riƙa kuka irin na babban in ya tashi. Ba don ƙungiyar Deltic Preservation Society ba, wadda wasu masu sha'awa suka kafa a 1977 suka tara kuɗi suka sayi biyu a 1982 suka ƙara na uku a 1986, da sauran waɗanda suka ceci ragowar, da babu mai sake jin wannan ƙara. Samfuran farko da aka yi a shekarun 1960 da 1970 ma gajeru ne, ba su kai milimita 278 da lissafi ya ba su ba. Na yanzu, kamar waɗanda kamfanin Accurascale ya fitar a 2022, har bambancin da ke tsakanin wannan lamba da waccan suna ƙoƙarin fitarwa.

Sai dai kan jirgin da aka adana yana da tarko, kuma wannan ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk harkar. Waɗannan shidan yanzu sun fi shekara arba'in a hannun masu adanawa, ninki biyu na shekarun da suka yi suna aiki. A tsawon wannan lokaci ba a kwance kawai suke ba. An sauya musu fenti sau da yawa, an ɗauko kayan wannan an sa wa wancan. Waɗanda aka bari suka sake hawa babban layi dole suka bi dokokin zamani: fitila mai ƙarfi a gaba, na'urorin tsaro da na sadarwa, da wani siririn layin fenti ruwan lemo a gefen rufi mai gargaɗin cewa akwai wayar lantarki a sama, wanda bai shigo ba sai bayan an sallame su. Gordon Highlander, wato D9016, a ƙarshen shekarun 1990 har fentin shunayya aka yi masa, launin kamfanin da ya ɗauki nauyin gyaransa, aka kuma sauya masa fitilun gaba zuwa na zamani. Royal Scots Grey, wanda aka ƙera don jan manyan fasinjoji, a 2011 an yi hayarsa yana jan taragan kayan masana'antar alminiyam a arewacin Ingila. Duk wannan ya faru, kuma wanda ya yi ƙaramin Deltic mai shunayya bai yi ƙarya ba. Ƙaryar tana zuwa ne in ya auna na gidan tarihi, da fitilarsa da eriyarsa na yau, ya shafa masa kore ya ce ga 1962.

Ga kuma maganar tsabta. Na gidan tarihi kullum yana ƙyalli kamar ango. Wanda ke aiki kuwa ba haka yake ba, musamman Deltic, da injinsa ke fesa mai ta bututun hayaƙi, rufin ya yi baƙi, man ya gangaro ta gefe, ƙafafu su yi ja da ƙurar birki. Saboda haka gwanayen harkar sukan sayi sabon samfur da tsada, su zauna da buroshi da garin launi suna ɓata shi da gangan, suna kallon tsohon hoto, har sai dattin ya zauna inda ya zauna a jikin na gaske. A ganina kan jirgin da aka adana shaida ne nagari a kan tsawo da faɗi da ƙara, amma in aka zo maganar shekara, hoton da aka rubuta kwanan wata a bayansa ya fi shi.

Akwai abin dariya a ciki, kada in ɓoye. Mutanen nan da ake yi wa laƙabi da masu ƙirga ƙusoshi, waɗanda za su kwana suna musu a kan inda hon yake a 1967, yawancinsu a kan layin da bai yi daidai ba suke tuƙa jiragensu. Faɗin layin dogo na Ingila milimita 1,435 ne. In ka rage shi sau 76 ya kamata ya zama milimita 18.83. Amma layin OO milimita 16.5 ne, wanda in aka mayar da shi babba ya gaza na gaske da wajen inci 7. Dalili kuwa tsohon abu ne: lokacin da aka fara harkar kafin yaƙin duniya na biyu, ƙananan injinan lantarki ba sa shiga cikin jikin jiragen Ingila a ma'aunin HO, sai aka ƙara girman jikin aka bar layin yadda yake. Har yau a haka ake tafiya. Wasu 'yan tsiraru sun ƙi yarda, suna shimfiɗa nasu layin da hannu, wasu milimita 18.2, masu tsanani kuma 18.83 cif. Kowa da inda ya ja wa kansa iyaka, ya ce daga nan na yafe.

To me ya haɗa mu da wannan duka? Ina cikin karanta tarihin kamfanin da ya ƙera Deltic sai na ci karo da sunan ƙasarmu. A 1955, shekarar da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, kuma shekarar da aka fito da Deltic na gwaji, kamfanin English Electric ya ƙera wa Nijeriya kawunan jirgi masu man gas guda 10, lamba 1001 zuwa 1010, kowanne da ƙarfin doki 750, aka kuma yi wa Gana irinsu. Su ne farkon masu gas da suka hau babban layinmu. Daga baya wasu suka biyo daga Amurka, a 1972 aka kawo guda 54 daga Montreal ta Kanada, a zamanin Abacha aka kawo na ƙasar Sin. Mu kuma, ba sai an gaya mana ba, dogo ne ya kafa yawancin zangunanmu na kudu ko ya raya su. Layin ya isa Badun a 1901, jirgi ya shiga Kano a 1911, aka gama gadar Jabba a 1916, a shekarar da aka kafa Sabo ta Badun. Ya kai Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri sai 1964. Shanu da gyaɗa da fata suna gangarowa, goro yana hawa. Mahaifina a taragon shanu ya fara zuwa Ikko, yana yaron wani fatake, ya sauka ya zauna a Agege bai koma ba sai ziyara. Na san ba ni kaɗai ke da irin wannan labari ba.

Shi ya sa na ƙudurta zan yi ƙaramin jirgin da ya kawo su, kan jirgi ɗaya da taragan shanu uku ko huɗu da ɗan gefen tasha, in ajiye inda yaranmu za su gani, domin su abin da suka sani shi ne sabon jirgin Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021, mai sanyi da kujerun laushi. Ba a sayar da irin namu a kanti, sai dai mutum ya yanka roba da ƙarfe da hannunsa. Kuma tun kafin in yanka komai, tambayoyin nan na mutanen Ingila suka tare ni.

Na farko layi. Tsohon layinmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, sabon ne mai 1,435. In na ɗora jirginmu a kan layin OO a ma'aunin sau 76, na ba shi layin da ya fi nasa faɗi, domin lissafi milimita 14 ya ba shi, ga shi kuma siririn layin nan da jiki mai faɗi a kansa shi ne kamannin jirginmu, shi ke sa shi rangaji in yana tafe. Mafita ta zo daga mutanen New Zealand, waɗanda layinsu faɗinsa ɗaya da namu. Su sai suka ƙara girman jirgin zuwa ragin sau 64, suka bar layin milimita 16.5, sai lissafin ya zo kusan daidai, bambancin bai kai kaurin farce ba. Ga kuma wata sa'a: kawunan nan namu na 1955 ƙirarsu ta yi kama sosai da wasu da kamfanin ya yi wa New Zealand kafin namu, waɗanda suke kira De, kuma su sun adana wasu daga cikin nasu. Wato akwai inda za a duba tsawo da faɗi. Amma tarkon da na faɗa a sama yana nan, har ya fi, domin wannan ba ma namu ba ne, ɗan uwansa ne da ya yi rayuwarsa a wata ƙasa, aka yi masa nasa sauye-sauyen.

Na biyu shekara. Na zauna da dattawa biyu a unguwarmu bayan la'asar, dukansu ta jirgi suka zo. Na ce, "Baba, kan jirgin da ya kawo ku, yaya kamanninsa?" Ɗaya ya ce baƙi ne wuluk, yana tuƙa hayaƙi, garwashi na faɗo musu a riga, kuma a kowace babbar tasha sai ya tsaya ya sha ruwa. Ɗayan ya ce, "Haba Alhaji, wane irin ruwa? Mai gas ne, kore, da ratsin rawaya, ƙararsa kamar injin niƙa." Suka fara ɗaga murya, kowa na cewa ai shi ya hau. Na bari suka lafa sannan na tambayi kowannensu shekarar da ya zo. Na farko ya ce kafin a ba da mulki, yana saurayi. Na biyu ya ce bayan yaƙin basasa, lokacin Gowon, ana gab da canjin kuɗi, wato wajen 1972 ke nan tunda a farkon 1973 naira ta shigo. Kusan shekara goma sha biyar ne tsakaninsu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma masu kwal da masu gas sun daɗe suna aiki tare a layinmu, har cikin shekarun 1970. Suka yi dariya, na farkon ya ce, "To ɗana, sai ka yi guda biyu."

Abin da na lura da shi a wannan zama shi ne dattawanmu sun riƙe abin da babu takardar da ta riƙe. Sun san yadda ake jera shanu a tarago don kada su faɗi, sun san inda mai rakiya ke raɓewa, da sandar da yake tayar da saniyar da ta durƙusa kafin 'yan uwanta su tattake ta, da tashar da ake sayen tuwo da wadda ake sayen rake, da yadda kwana uku ke zama biyar in an ajiye su a gefe ana jiran jirgin fasinja ya wuce. Amma lambar kan jirgi ko inda fitilarsa take, wa ya damu da wannan alhali dukiyar maigidansa na cikin tarago? Mutanen Ingila sun yi sa'a da yaran makaranta da suka riƙa tsayawa a ƙarshen dandamalin tasha da littafi da biro suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya wuce, wasu da kyamara. Waɗannan yaran su ne dattawan da ke gardama yau, kuma da hujja suke yi.

Mu ma ba mu rasa komai ba. A cikin harabar reluwe ta Ebute Metta akwai wani tsohon bene na zamanin Turawa da ake kira Jaekel House, wanda ƙungiyar Legacy ta gyara a 2010 ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi, da tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi. An sa masa sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Nijeriya a juzu'i uku. Da yawa daga cikinmu muna wucewa ta gefen wurin zuwa Oyingbo ba mu taɓa leƙawa ba. Sai dai tsohon hoto baƙi da fari ne, yana ba ka siffa ya hana ka launi, a nan kuma dole ka koma wurin wanda ya gani da idonsa, ka fara tambayarsa shekara kafin ka tambaye shi launi.

Don haka ina roƙon 'yan uwa na Sabo da Shagamu da Inugu da Fatakwal da sauran wurare, musamman 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan reluwe, duk wanda ke da hoton da aka ɗauka a tasha a cikin akwatin mahaifinsa, ko da mutane aka nufa jirgin ya fito a baya kawai, ya duba bayan hoton ko mai hoto ya buga kwanan wata, ya kuma duba ko lambar kan jirgin ta fito. In dattijon na da rai a tambaye shi tashar da shekarar, a rubuta da fensir a baya.

Ni dai na tsayar da shawara a kan ragin sau 64, lamba 1001, a shekarunsa na farko, da datti da ƙurar hunturu a jikinsa. Na riga na fara da taragon shanu, tunda shi ne dattawa suka fi iya kwatanta mini. Abin da ya rage mai wuya shi ne mutanen ciki. Ana sayar da ƙananan mutane na roba a wannan ma'auni, amma duk da kwat da hular Turawa suke, shanun kuma gajerun ƙaho ne marasa tozo. A lissafi, mai rakiyar shanu tsawonsa zai zama wajen milimita 27, bai fi rabin tsinken ashana da ɗan ɗori ba, kuma sai na sassaƙa shi da kaina, da taguwa da malafa da sanda a kafaɗa, sannan in zauna in yi wa fararen shanu goma sha biyu ƙaho da waya ɗaya bayan ɗaya.